Bayan Aure Ya Mutu: A Kama Haya Ko A Ci Bashin Gida?

 

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mazauna Hausari da Gwange da Bulabulin da Bulumkutu da duk unguwannin Yerwa, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ɗora wa kwamitinmu na sulhu nauyin yin wannan jawabi. Magana ce wadda ba a son tayar da ita a bainar jama'a, amma mu da ke zaman sulhu mun san cewa in aure ya ƙi gyaruwa, tambayar da ke biyo baya nan take ita ce: to, a ina za a zauna? Wanda kuma Allah Ya hore wa ɗan abin hannu ko albashi, namiji ne ko mace, sai ya ƙara da cewa: in kama haya ne, ko kuwa in ci bashin banki in mallaki nawa in huta?

Dalilin da ya sa tambayar ta fi yi mana nauyi a nan shi ne mu mazauna ne. A Kano ko Katsina ko Damagaram, in aka saki mace sai a ce ta tafi gida, gidan kuwa yana nan bayan layi ko a unguwa ta gaba. Mu kuwa kakanninmu zuwa suka yi, wasu da fatauci tun bayan kafa Yerwa a 1907, wasu da allo sun zo gabas neman karatu, wasu kuma jirgin ƙasa ne ya kawo su bayan ya iso a 1964. Akwai waɗanda suka yi saiwa, gidan ubansu yana nan Hausari, su alhamdu lillahi. Amma da yawa daga cikin matanmu ɗauko su aka yi daga yamma, kuma daga nan zuwa Kano ya fi kilomita 500. In ka ce wa irin wannan baiwar Allah ta tafi gida, ka ce mata ne ta bar makarantar 'ya'yanta da masu sayen kayanta da adashenta, watau duk abin da ta gina cikin shekara goma ko ashirin.

Kafin mu taɓo kuɗi, bari mu fara da abin da shari'a ta riga ta yanke, domin rabin wahalar daga barinsa take tasowa. Al'adar nan ta mace ta kwashe kayanta a daren da aka miƙa mata takarda, ko miji ya ce kada ya dawo ya same ta, ba ta da tushe. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita, ta kuma hana ta fita, har sai idda ta cika: tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta jini, ko haihuwa ga mai ciki. In saki ne na kome, ci da sha da wurin kwana duk suna kan miji. In saki ne wanda ba kome, a mazhabarmu ta Malikiyya wurin kwana yana nan a kansa, ciyarwa ce kawai ke faɗuwa, sai fa in tana da ciki. Gidan haya ne ma, shi zai biya. Waɗannan watanni, jama'a, su ne lokacin yin shawara da lissafi. Wadda ta yi fushi ta fita a daren farko ta yar da su a banza, sai ta kama ɗakin da ta fara samu a kan kuɗin da aka fara faɗa mata.

Sa'an nan ga riƙon 'ya'ya. Abin da ke cikin Risala da Mukhtasar, waɗanda alƙalanmu ke aiki da su, shi ne uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, muddin uwar ba ta auri bare ba. In ta aura, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta. Cinsu da tufarsu da kasonsu na wurin kwana kuwa a kan uba suke. A ƙasar Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, dokar iyali ta 2004 sai da ta ware kuɗin muhallin yaro daban da kuɗin ciyarwa, don kada uba ya aiko da kwanon hatsi ya ce ya gama. Akwai kuma wani hukunci da ya shafe mu mazauna fiye da kowa, wanda yawancinmu ba mu sani ba: in uwa ta yi ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan baridi shida, watau mil 72, uba yana da ikon karɓe 'ya'yan, haka shi ma in ya tashi da niyyar zama a wani gari mai wannan nisa yana iya tafiya da su, sai in ta bi. Alƙali yana duba maslahar yaro, kowace shari'a kuma da yadda take zuwa, amma kun ga ke nan mace mai son riƙe 'ya'yanta sau da yawa dole ta nemi muhalli a nan Maiduguri.

To, yanzu ga bashin gida. Yadda yake shi ne banki ya biya kuɗin gidan, ya riƙe takardunsa jingina, kana biya wata-wata har shekarun da aka yanka, in ka gaza ya sayar ya cire kuɗinsa. Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992, yana kuma hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata, in ya yi wata shida yana zubi yana iya neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, biya har zuwa shekara 30. Tun 2023 zubin ya zama ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni, mai sana'ar kansa ma yana iya shiga. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma bari mu buga lissafi tare. Wanda ya ci naira miliyan 10 zai biya cikin shekara 20, duk wata zai ba da kusan N71,600, a ƙarshe ya biya wajen miliyan 17.2. Ƙa'idar masu ba da rance kuwa ita ce kada biyan wata ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, ke nan sai mai samun kusan N215,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 N70,000 ne. Bugu da ƙari ana so a gama biya kafin ritaya, saboda haka ɗan shekara 45 ba shi da shekara 30, sha biyar gare shi, kuma a kan wannan miliyan 10 ɗin biyan wata zai tashi kusan N84,400.

Bankunan kasuwa kuwa ba ma sai mun daɗe a kansu ba. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki da kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Mu ɗauka an tausaya maka an ba ka a kan kashi 25, shekara 10: miliyan 10 ɗin nan za ta riƙa cin kusan N227,500 duk wata, ka ƙare da biyan fiye da miliyan 27.

Ga kuma maganar da ba za mu tsallake ba a gaban malamanmu, watau riba. Ruwa ruwa ne, kashi 6 ne ko kashi 25, kuma malamanmu ba su raba kaɗan da mai yawa ba. Irin jinginar da muka gada ma, wadda mutum ke ba da rance ya shiga gidan mai bashi ya zauna kyauta har a biya shi, malamai sun daɗe suna cewa rance ne da ya jawo amfani. Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Su sukan sayi gidan su sayar maka da riba sananniya, ko su ba ka haya wadda za ta ƙare da mallaka. Wannan ya kawar da damuwar addini ga wanda ya gamsu da fatawar malamansu, amma kada wani ya ɗauka sadaka suke rabawa. 'Yan kasuwa ne, ribarsu tana bin yanayin kasuwa, kuma takardun da sauran bankuna ke nema su ma su suke nema.

A kan takardun nan ne yawancinmu ke tsayawa. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne amana, abin da mutum ke samu a birni shi ne takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, kuma ba a jinginar da ita sai da amincewar gwamna. Mu kuwa gidajenmu na cikin gari yawanci gado ne da ba a raba ba, ko kuwa ciniki ne da aka yi a gaban Bulama da Lawan aka rubuta a fallen takarda. Wannan takarda tana da daraja a unguwa, tana da amfani a gaban alƙali, amma banki ba ya karɓarta jingina. Haka kuma banki yana son ganin albashi yana shigowa duk wata, mu kuwa galibinmu 'yan kasuwa ne da mahauta da direbobi da teloli, matanmu kuma masu sana'ar cikin gida. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar gida a ko'ina cikin Nijeriya, wannan babu ja, amma iko daban, samun rance daban.

To, mu ɗauka mutum ya cika duk sharuɗɗan. Shawarar kwamitinmu ita ce duk da haka kada ya sa hannu a kan bashin shekara ashirin cikin shekarar farko ta rabuwa. A wannan shekara babu abin da ya zauna. Ba a san nawa uba zai riƙa bayarwa ba, ba a kuma san ko zai ɗore ba. Ana iya yin kome, kuma mun sha ganin an yi. Zawarci ma a wurinmu sau da yawa ba ya daɗewa: in ta yi aure za ta tare a gidan wani, wataƙila ma a wani gari. Shi kuma namiji, a faɗi gaskiya, da wuya ya shekara bai fara neman wata ba, ga sadaki ga lefe, ga ciyar da 'ya'yan can, ga kason hayarsu. In ya ɗora bashin banki a kan wannan, abin da zai fara yankewa shi ne kuɗin 'ya'yan, domin banki yana cire nasa tun daga tushe, su kuwa yara ba su da lauya. Akwai kuma masu yin abin don huce haushi, ita tana so a ga ta yi gida ba da shi ba, shi yana so a ga bai girgiza ba. Haushin zai wuce cikin watanni, takardar da aka sa wa hannu kuwa tana nan.

Mu mazauna wannan gari ba sai an ba mu labarin yadda samu ke yankewa dare ɗaya ba. A Janairun 2021 aka lalata turakun layin wuta daga Damaturu, gari ya yi watanni cikin duhu, masu ƙanƙara da markaɗe da walda suka zauna. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Monday Market. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Fori da Galtimari da Bulabulin da Shehuri da Gamboru, har fadar Mai Martaba Shehu da asibitin koyarwa, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Abin lura a nan shi ne ɗan haya ya yi asarar kayansa ya nemi wani ɗaki, mai gida ya yi asarar kaya da gini, wanda ya gina da bashi kuwa ginin ya tafi bashin yana nan. Duk mai shirin sa hannu ya tambaya a fili ko inshorar da aka haɗa masa ta ƙunshi ambaliya, ya kuma ce a nuna masa wurin a rubuce.

Kada a ce mun mayar da haya aljanna. Kuɗin shekara ake nema a dunƙule, ga la'adar dillali, ga mai gida da ke ƙari duk lokacin da ya ga dama. Tun da rikici ya koro mutane daga ƙananan hukumomi suka cika gari, haya ba ta sake komawa yadda muka san ta ba, ambaliya kuma ta rage ɗakunan ta ƙara masu nema. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A nan ne masu goyon bayan bashin gida suke da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a ba su gaskiyarsu: biyan wata na asusun gidaje a tsaye yake, haya kuwa hawa take yi, saboda haka N71,600 da ke da nauyi yau za ta yi sauƙi nan da shekara goma. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya 'yar shekara 35, mai tabbataccen albashi, wadda dama ana cire mata zubi, ta kuma tabbata a nan za ta zauna, in ta samu gida mai cikakkiyar takarda a kan tudu, ta kuma warware maganar riba da malaminta, ba mu ce kada ta nema ba. Cewa muka yi ta bari ƙura ta lafa. Tun 2022 ma hukumar fansho ta yarda ma'aikaci ya ciri har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ya biya kason farko na gida, amma a tuna guzurin tsufa ne ake taɓawa.

Babbar matsalar haya ga matanmu ma ba kuɗin ba ne. Masu gidaje ne da ke cewa ba sa ba bazawara ɗaki, sai ta kawo namiji. Wasu daga cikin masu faɗin haka suna zaune a wannan zaure, ku yi haƙuri. Mace mai 'ya'ya huɗu da keken ɗinki ba ta fi gwauro haɗari ga gidanka ba. In ka hana ta, ka tura ta ne can bayan gari inda ba wanda ya san ta, sa'an nan gobe a zo ana zarginta. Ita kuma in ta samu, ta karɓi rasit da sunanta, a rubuta yarjejeniya, ta kuma sani cewa a yawancin dokokin haya na ƙasar nan mai biyan shekara-shekara yana da sanarwar wata shida in ba a rubuta wani abu daban ba, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya. Ta zaɓi kusa da makarantar yara da inda masu sayen kayanta suke, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta.

Tsakanin haya da bashin banki akwai hanyar da iyayenmu suka bi suka gina Hausari, ita ce a sayi fili, a kewaye, a yi ɗaki ɗaya da banɗaki, a shiga, saura a bi a hankali. Da kwasar adashe da kuɗin ɗan kunne da sarƙa mata da yawa sun yi haka. Ba ta da sauri, musamman da buhun siminti ya haura N10,000 a 2024, amma in kasuwa ta tsaya gini ne kawai zai tsaya, ba mai zuwa ya buga maka ƙofa. Kuma ko ta yi wani auren gidan nata ne, ta zuba 'yan haya. Sai dai a kula da masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Kafin a biya ko kwabo a je ofishin BOGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jiha, a bincika ko filin yana da wani mai shi ko yana cikin tsarin gwamnati. A tambayi Bulama da maƙwabta inda ruwa ya tsaya a 2024, a kuma je a ga wurin da ido cikin Agusta, ba cikin rani ba. Takarda kuma ta fito da sunan mai kuɗin. Mun ga mata da dama da suka sa sunan wa ko ƙane don kunya, ƙarshe filin ya shiga rabon gadon wani.

Wannan ya kawo mu ga rigimar da ta fi kowace cin lokacin kwamitinmu, watau gidan da aka gina tare. Ta sayar da gwal ɗinta aka yi rufi, ta kwashi adashe aka sa ƙofofi, takarda kuwa sunansa kaɗai. Wasu suna jin labarin Ingila, inda alƙali ke da ikon raba dukiyar ma'aurata har da gida, sai su zaci haka abin yake a nan. A aurenmu na Musulunci dukiyar miji tasa ce, ta mata tata ce, ba a raba gida don an rabu. Amma abin da ta zuba bai zama nasa ba, sai in kyauta ta ba shi. In rance ne ya biya ta, in tarayya ce tana da kasonta, sai dai alƙali zai nemi shaida, a nan ne kuma ake kuka, domin a lokacin daɗi ba wanda ya kira shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma cire miji da mata ba. In kuma akwai bashin banki a kan gidan, a sani banki bai san saki ba: wanda ya sa hannu shi zai biya, in su biyu ne su biyun, wanda ya tsaya musu shi ma yana ciki. Kada a daina biya don ana rigima, a je bankin tare a nemi a mayar da bashin kan mutum ɗaya, ko a sayar da gidan a hankali a raba abin da ya rage. Gara ku sayar da kanku da a yi muku gwanjo.

Abin da kwamitinmu ke roƙon wannan taro ya amince da shi a yau shi ne ƙungiya ta riƙa tsaya wa duk 'yar'uwarmu da aurenta ya mutu a gaban mai gidan haya, da takarda mai sa hannun shugaba da sakatare, don kada a sake ce mata ta kawo namiji. Muna kuma roƙon a ware wani abu daga kuɗin wata-wata, tare da gudummawar masu hali, a riƙa ba da rancen hayar shekarar farko ba tare da ruwa ba, a biya a hankali. Sa'an nan za mu ajiye littafi a wurin sakatare, duk ma'auratan da ke gini tare su zo a rubuta abin da kowa ya zuba, a gaban shaidu biyu, ba tare da an tambaye su dalili ba. Iyayenmu mata sun nemi a sa biyu daga cikinsu a kwamitin, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa a gaban maza ba, mu kuma mun goyi bayan haka. Shugaba, muna miƙa waɗannan a gabanka don a tattauna, masu tambaya kuma malamai suna nan.